Daga Mumbai Zuwa Kerala: Inda Ake Leƙa Bakin Mai Lafiya

Yawancinmu ta ƙofa biyu muka san Indiya, ta fim da ta asibiti. Ni zumunci ne ya kai ni. Ɗan yayata yana karatun likitancin haƙori a Mangaluru, wani gari na bakin teku a jihar Karnataka, kuma ya daɗe yana ƙorafin cewa babu wanda ya taɓa leƙo shi daga gida. Da dama ta samu sai na shirya, na sauka a Mumbai, da niyyar in gangara kudu a jirgin ƙasa.

Abin da ya fara ɗaukar idona a Mumbai jan tofi ne. A kusurwar matakala, a gindin turakun gada, a jikin bangon tashar Dadar, ko'ina ka duba sai ka ga ja-ja-ja, wani ya bushe ya yi duhu, wani ɗanye. Baƙo zai iya ɗauka jini ne. Yawun masu tauna pan ne. Na tsaya a wata 'yar rumfa na kalli yadda ake haɗa shi. Mai rumfar ya ɗauko koren ganye mai siffar zuciya, ya shafa masa jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, ya ƙara wani jan kwaɓi da ake samu daga itace, ya barbaɗa yankakken ƙwallon supari, sannan ya tambayi mai saye ko a sa taba. Ya naɗe, ya miƙa. Mutumin ya cusa a kunci, ya yi gaba abinsa. A can ƙasan teburin kuma akwai gutka, wato garin supari da taba da farar ƙasa da kayan ƙanshi a 'yar leda mai ƙyalli. Jihar Maharashtra, inda Mumbai take, ta haramta sayar da gutka tun 2012, shekarar da Madhya Pradesh da Kerala su ma suka yi hakan. Sai 'yan kasuwa suka raba ƙafa: supari a leda ɗaya, taba a wata, mai saye ya haɗa da hannunsa.

Wanda ya saba kallon fina-finan Indiya ya san gargaɗin da ake sawa kafin fim ya fara. A cikin waɗanda suka fi shahara akwai na wani saurayi mai suna Mukesh Harane, wanda sankarar baki ta kashe a 2009 yana da shekara 24. A asibitin Tata Memorial da ke unguwar Parel aka yi jinyarsa, asibitin da aka buɗe a 1941, wanda har yau shi ne babbar matattarar masu ciwon daji a ƙasar. Na bi ta titin da ke gabansa da hantsi. Mutane daga jihohi masu nisa, da jakunkuna da fayil-fayil na takardun gwaji, suna jiran layi. Da yawa daga cikin mazan sun ɗaure muƙamuƙi da hankici, wasu da siririyar roba a hanci wadda ta nan ake ba su abinci. Ƙididdigar hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon a Faransa ta nuna cewa a 2022 an samu sababbin masu sankarar leɓe da baki kusan 390,000 a faɗin duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku a Indiya. Wani binciken da aka yi a 2016 zuwa 2017 ya ce manya kusan miliyan 200 ne ke amfani da tabar da ba a kunna mata wuta a ƙasar. Waɗanda na gani a Parel su ne ƙarshen labarin. Farkonsa yana ƙauye, a bakin mutumin da yake jin kansa garau.

Layin dogo na Konkan, wanda aka kammala a 1998, ya ratsa tsakanin duwatsu da teku, ta cikin ramuka wajen 90 da gadoji kimanin 2,000. Jirgi ya shiga duhu, ya fito kan kogi, ya sake shiga. Masu shayi suna kai da kawo a tarago. Muka wuce Ratnagiri, muka ratsa Goa, muka bi ta Udupi. A tashar Mangaluru na tarar da yaron yana jira, ya rame, ya yi tsawo, ya rusuna ya karɓi jakata. Washegari da muka fita bayan gari a a-daidaita-sahu na ga gonakin supari, bishiyoyi sirara dogaye, a jere ƙyam, 'ya'yan sun yi ruwan lemo a can sama. A farfajiyar gidaje an shanya ƙwallayen a rana. Karnataka ce ta fi kowace jiha noman supari, kuma babbar ƙungiyar manomansa, CAMPCO, a nan Mangaluru take tun 1973. Da wannan ƙwallo ake biyan kuɗin makaranta, da shi ake aurar da 'ya'ya, shi ake miƙa wa baƙo don girmamawa. Shi ne kuma hukumar Lyon ta sa a 2003 cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa ciwon daji, ko da ba a haɗa shi da taba ba. Bahaushe zai so ya kira shi goron Indiya saboda matsayinsa a al'ada, amma bishiyarsa dangin kwakwa ce, ba ta haɗa komai da goronmu ba.

Makarantarsu takan fita ƙauyuka duba haƙoran jama'a kyauta, sai yaron ya nema mini izini na bi su. A wata firamare aka sauka, aka jera kujerun roba a baranda inda haske ya fi yawa. Kayan aikin ba su taka kara sun karya ba: tocila, safar hannu, ɗan madubi mai mariƙi, tsinken katako mai faɗi, bandeji, da 'yar rula. Kafin a ce wa mutum ya buɗe baki sai an tambaye shi me yake taunawa, tun yaushe, sau nawa a rana, a wane kunci yake ajiyewa, yana kwana da shi ko yana tofarwa, yana shan bidi, wato sigarinsu na gargajiya, ko giya. Daga nan a dubi fuska, a lalubi wuya ko akwai kaluluwa. Sannan a bi baki daki-daki: leɓen sama da na ƙasa ta ciki, kunci biyu, kwarin da ke tsakanin kunci da dasashi, ganɗa. A kama harshe da bandeji a jawo shi hagu da dama don a ga gefensa har can baya, a ɗaga shi a duba ƙarƙashinsa. Duk inda ido ya yi shakka, yatsa ya taɓa. Aikin bai wuce 'yan mintoci ba.

Wani dattijo mai aikin gona ya zauna. Haƙorinsa ne ke girgiɗi, shi ya kawo shi. Malamar da ke kula da ɗaliban ta ja kuncinsa na hagu, ta haska, ta yafito su. Wani farin tabo ne shimfiɗe daidai inda yake ajiye taunarsa shekara da shekaru. Ta sa bandeji ta goga, bai fita ba. Da fungas ne, in ji ɗan yayata a kunnena, da farin ya goge ya bar wuri ja. Ta duba ko akwai karyayyen haƙori mai kaifi da ke gugar wurin, babu. Ta duba ɗaya kuncin ko akwai irinsa, domin akwai wata cuta mai zana fararen layuka kamar saƙar gizo a kunci biyu, wadda hukuncinta daban. Sai da ta kore duk waɗannan sannan ta rubuta lukoplakiya. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara tun 1978: farin tabo ne wanda ba a iya danganta shi da wata cuta da aka sani ba. Dattijon ya ce ai wurin ba ya masa zafi ko kaɗan. Wannan magana na ji ta daga bakin mutum fiye da ɗaya a wannan rana, kuma ita ce tushen matsalar. Tabon ba ya ciwo, ba ya hana cin abinci, ba ya hana barci, saboda haka babu abin da zai tura mai shi asibiti.

Ba duk farin tabo ne ke zama sankara ba, mafi yawansu ma ba sa zama. Gwanintar likita ita ce ya ware wanda za a sa wa ido daga wanda za a yi wa gaggawa. Tabon da ya kwanta lif, launinsa ɗaya, haɗarinsa kaɗan ne. Wanda ya yi gurji-gurji, ko ya yi tsiro, ko fari ya cakuɗe da ja, wannan abin tsoro ne. Haka wanda ya fito a gefen harshe ko ƙarƙashinsa, da wanda ya yi faɗi sosai, da wanda ya fito a bakin mutumin da bai taɓa kusantar taba ba. Mafi muni shi ne jan tabo mai laushi da santsi, eritroplakiya. Ba a cika samunsa ba, amma wani bincike da Shafer da Waldron suka wallafa a Amurka a 1975 ya gano cewa kusan 9 cikin 10 na irinsa, in aka yanka aka duba, ko dai sun riga sun zama sankara ko suna dab da zama. Sai kuma miki. Gyambon baki na yau da kullum yakan warke cikin mako biyu. Wanda ya haura mako uku, musamman in gefensa ya yi tauri, ba a yi masa jira.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani saurayi ne direba, bai kai shekara 30 ba. Aka ce ya buɗe baki, ya buɗe iya ƙoƙarinsa, yatsa biyu da ƙyar suka shiga. Lafiyayyen baki yana ɗaukar yatsa uku a tsaye, kimanin milimita 40 ko fiye. Aka sa rula tsakanin haƙoran gaba aka rubuta. Cikin kuncinsa ya koɗe ya yi fari fat, kuma da malamar ta sa yatsa ta ce tana jin zare-zare masu tauri a tsaye. Ya ce ya daina cin yaji saboda raɗaɗi, a ƙasar da kusan ba a girki babu barkono. Wannan ita ce ƙagewar baki da supari ke jawowa: naman da ke ƙarƙashin fatar baki yana yin tauri a hankali har ya ɗaure muƙamuƙi. Wani likita mai suna Schwartz ne ya fara bayyana ta a 1952, a jikin wasu matan Indiya biyar mazauna Kenya. Wani bincike da ya bi masu ita tsawon shekara 17 a Indiya ya samu kusan kashi 8 cikin 100 sun kamu da sankara. Da can cutar tsofaffi ce, gutka ta mayar da ita ta matasa. Kuma bakin da ba ya buɗewa yana da wuyar dubawa, sai ciwo ya ɓuya a can ciki.

Da aka samu sarari yaron ya ce, “Kawu, zauna in duba naka.” Na zauna. Ya haska, ya kira abokansa su gani. A cikin kuncina akwai wani hazo-hazo fari mai ruwan toka. Ya ja kuncin ya miƙar da shi, hazon ya ɓace, ya saki ya dawo. Ya ce, “Kwantar da hankalinka, Kawu, wannan ba ciwo ba ne. Lukodima ake ce masa, kuma ya fi yawa a baƙar fata.” Haka baƙi-baƙin da ke dasashin yawancinmu, halitta ce. Duk wanda zai duba bakin mutanenmu sai ya san waɗannan, in ba haka ba zai cika asibiti da masu lafiya, ya kuma jefa su cikin fargaba a banza.

Ido yana iya cewa akwai abin dubawa, amma ba shi ke yanke hukunci ba. A asibitin koyarwarsu an nuna mini wasu kayan taimako. Akwai shuɗin rini, tolidin, wanda ake shafawa a wanke da ruwa mai ɗan tsami, wurin da ya lalace ya riƙe launi kamar zanen da ya kwana a marina. Akwai fitila mai shuɗin haske da ke sa lafiyayyen nama ya yi kore, mara lafiya ya yi duhu. Dukansu suna taimakawa wajen zaɓen inda za a yanka, amma sukan kama abin da ba komai ba, sukan kuma tsallake abin da yake komai. Hukunci na bayofsi ne. A yi allurar kashe zafi, a yanki ɗan nama da bai wuce ƙwayar wake ba daga wurin da ya fi muni, a ɗinke. A jefa shi a ruwan fomalin, a daskarar da shi a cikin kakin, a yanka siriri yadda haske zai ratsa, a rina shi ja da shuɗi, a ɗora a madubin ƙara girma. Na sa ido na kalla. A lafiyayyar fatar baki ƙwayoyin halitta a jere suke, ƙanana a ƙasa, suna faɗaɗa suna kwantawa yayin da suke hawa sama. In jerin ya hargitse, ƙwayoyin suka bambanta a girma, cibiyoyinsu suka yi duhu, ana kiran wannan displeziya. In hargitsin ya tsaya a kashi ɗaya cikin uku na ƙasa, mai sauƙi ne. In ya kai tsakiya, matsakaici. In ya haura sama, mai tsanani. In ƙwayoyin suka fasa iyakar da ke ƙarƙashinsu suka kutsa cikin nama, an shiga sankara. Mai tsanani akan yanke shi da wuƙa ko da leza. Mai sauƙi akan ce wa mai shi ya bar taba da supari da giya, ya riƙa dawowa, domin wasu tabban suna raguwa har su ɓace in an daina. Ko an yanke, ba a sallamar mutum gaba ɗaya, saboda duk fatar bakin ta sha gubar, kuma ciwo yana iya ɓullowa a wani gefen. Wannan ya sa masana da suka taru a Landan a 2005 suka zaɓi a riƙa kiran irin waɗannan larurorin baki cututtukan da ke iya rikiɗewa zuwa sankara.

Yawancin abin da duniya ta sani a kan waɗannan tabbai daga ƙauyukan Indiya ya fito. Tun 1966 Fali Mehta na Mumbai da Jens Pindborg ɗan ƙasar Denmak suka tura ayarin likitocin haƙori gida-gida, suka duba bakin ƙauyawa 50,915 a jihohi huɗu, aka kuma ci gaba da bin mutanen shekara da shekaru. A gundumar Srikakulam sun tarar da mata masu shan taba a juye, wutar tana cikin baki, kuma a ganɗa ciwonsu yake fitowa. Darasin a fili yake: inda taba ta zauna, nan za a nemi tabo.

Na ci gaba kudu, ta Kozhikode da Ernakulam, cikin kwakwa da ruwa da jajayen rufin gidaje, har Thiruvananthapuram, babban birnin Kerala. A nan cibiyar ciwon daji ta yankin take, wadda aka kafa a 1981, kuma a ƙauyukan wannan gunduma aka yi gwajin da ya amsa babbar tambaya: leƙa bakin mai lafiya yana rage mutuwa? Daga 1996, ƙarƙashin jagorancin Rengaswamy Sankaranarayanan na hukumar Lyon, aka ɗauki yankuna 13 masu mutane fiye da 190,000 'yan shekara 35 zuwa sama. A 7 aka riƙa shiga gida-gida duk bayan shekara uku ana duba baki, 6 aka bar su da kulawar da aka saba. Masu dubawar ba likitoci ba ne, matasa ne da suka gama jami'a aka ba su horo, suna aiki da hasken rana da tocila. Sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2005. A cikin masu amfani da taba ko giya, mutuwa daga sankarar baki ta ragu da kashi 34 cikin 100. Masu binciken sun ƙiyasta cewa in aka yi haka a duniya za a iya tsare rayuka aƙalla 37,000 a shekara. A cikin waɗanda ba sa taba ba sa giya kuwa ba a ga wani bambanci ba, wanda ya nuna inda ya kamata a kashe ƙarfi.

Akwai wani adadi a cikin rahoton da ba a cika ambata ba. A cikin mutum 5,145 da aka ga abin shakka a bakinsu aka tura su asibiti, kashi 63 cikin 100 ne kawai suka je. Wannan a Kerala ke nan, jihar da a lokacin ta fi kowace yawan masu karatu a Indiya, inda asibitin ke kusa. Dalilan ba baƙi ba ne a wurinmu. Ɗan ƙwadago zai rasa kuɗin yini. Wani yana tsoron a taɓa wurin da wuƙa ciwon ya tashi. Wani yana ganin wauta ce ya kai kansa asibiti a kan abin da ba ya masa zafi.

Ba mu da supari, amma muna da tamu. A kasuwannin Arewa da na Nijar ana daka taba gari da kanwa, a ɗiba a ajiye a kunci ko a bayan leɓen ƙasa. Aikin kanwa a nan shi ne aikin farar ƙasa a pan: tana sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri. 'Yan'uwanmu na Sudan sun san tumbak, tabar da ake kwaɓawa da irin wannan kanwa, wadda bincike ya nuna tana cikin mafi yawan sinadaran da ke jawo sankara a duk tabar duniya. Sigari da giya ma suna nan, kuma in suka haɗu haɗarinsu ninkuwa yake yi. Mu kuma ba sabon abu ba ne a wurinmu shiga gida-gida, rigakafin shan inna ya koya mana. Ma'aikacin lafiya na ƙaramin asibiti zai iya koyon wannan duba cikin ɗan lokaci, ya riƙa yi wa duk mai taba da ya zo gabansa, ko da zazzaɓi ne ya kawo shi. Abin da ya fi wuya shi ne sauran hanyar: likitan da zai yanki nama, kwalbar fomalin da za ta isa asibitin koyarwa na Kano ko Zariya ko Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, da sakamakon da zai dawo hannun mai shi kafin ya fid da rai. In babu wannan, tocila tsoro kawai za ta raba wa mutane.

Kafin a kai ga haka, mai taba yana da madubi da hasken safiya. Ya ja kuncinsa ya duba inda yake ajiyewa, ya fito da harshe ya dubi gefensa da ƙarƙashinsa. Farin da bai gogu ba, ja mai santsi, miki ko ƙullutun da ya haura mako uku, bakin da ya fara ƙin buɗewa: kowane ɗaya daga cikinsu ya isa dalilin zuwa wurin likitan haƙori a wannan makon, ko da wurin ba ya zafi.